Fiƙoƙin da Faizal Ya Kai Gidan Surukai

Duk wanda ya zauna a unguwar Hulme a shekarun nan ya san Faizal, kuma ya san ciwonsa. Bai taɓa ganin abu a hannun wani ya yarda cewa shi ba zai yi wanda ya fi shi ba. Iyayensa mutanen zangon Kumasi ne, amma shi a Manchester aka yanke masa cibiya, yana kuma da shekara ashirin da takwas lokacin da abin nan ya faru. Ya taɓa kwance injin wankin mahaifiyarsa don ya nuna wa mai gyara cewa aikin ba wani abu ba ne, aka yi wata biyu ana kai wanki shago. Ya taɓa yi wa kansa aski da madubi biyu, ya yi mako uku hula ba ta bar kansa ba. Duk wannan bai koya masa komai ba, domin a wurinsa laifin kullum na kayan aiki ne.

Abu ɗaya ne ya zo masa daidai a rayuwa, shi ma ba da dabararsa ba: Inaya ta so shi. 'Yar Birmingham ce, tana aiki a wani kantin magani, sun haɗu ne lokacin da take karatu a jami'ar da ke titin Oxford Road a Manchester. Shekara biyu cur ta yi tana gardama da mahaifinta a kansa. Alhaji Lawal, mutumin Zariya, tsohon injiniyan jirgin ƙasa, bai ce Faizal ɓarawo ne ba, bai ce mashayi ne ba, bai ma damu da cewa mutanen Gana ne ba. Cewa ya yi yaron ba shi da nutsuwa, kuma shi ba zai ɗauki 'yarsa ya ba wanda bai gama wasa ba. Da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda a turo manya su zo gaisuwa. Aka sa rana a watan Agusta, Faizal ya ɗaga ta wai aiki ya riƙe shi, alhali kowa ya san tikitin ƙwallo ya samu. Alhaji ya haɗiye wannan, ya sake ba da rana, Asabar ɗaya ga Nuwamba, 2008. A gida ba a ma zuwa da yaro irin wannan zama, amma shi ya ce a zo masa da shi ya gan shi da idonsa. Ya kuma aiko da cewa idan wannan ranar ta wuce, kada a sake kiran wayarsa.

Ana saura kwana uku Inaya ta kira shi.

"Faizal, abu ɗaya nake roƙonka. Two hours kawai. Ka zo, ka zauna, ka sunkuyar da kai, ka bar Baffanka ya yi magana."

"Haba, relax mana. Ni ne fa."

"Shi ne abin da yake ba ni tsoro," in ji ta.

Ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne.

To, jajiberin wannan rana, wato Juma'a, ita ce ranar da Turawa suke bikinsu na shigar dodanni. A kamfanin inshorar da Faizal yake amsa waya an liƙa takarda cewa kowa ya zo aiki da shigar ban tsoro, wanda ya fi kowa za a ba shi kyauta. Mutum mai hankali, wanda aurensa yake rataye a washegari, da sai ya ɗaura baƙin ƙyalle a wuya ya ce ya yi, ko ya ce shi addininsa bai ba shi ba, babu mai tsare shi. Faizal kuwa sai ya zaɓi ya zama mayen nan na tatsuniyar Turawa, wanda yake kwana cikin akwatin gawa, ya fito da dogayen fiƙoƙi yana cizon mutane a wuya yana shan jininsu.

Haƙoran roba na wannan shiga ga su nan jibge a kowane kanti, yara suna saye suna cusawa a baki. Faizal ya ɗauki guda ya juya shi, ya yi tsaki ya mayar. Shi ba zai sa abin yara ba. Nasa sai an kusance shi an ƙura ido kafin a gane ba da su aka haife shi ba. Ya samo wani shafi a intanet da ya bayyana yadda ake yin su da hodar farcen kanti, ya karanta rabin farko, ya ga ya gane sauran.

Yayarsa Wasilatu tana da ɗan shagon gyaran farce a unguwar Old Trafford. Ranar Laraba da yamma ya faɗa mata tana tsakiyar goge wa wata mata ƙumba.

"Yaya, ɗan ba ni acrylic powder ɗin nan, da ruwansa. Da file guda ɗaya."

"Za ka fara yin farce ne?"

"Project ne na office."

Ta ɗago ta dube shi, irin duban da take yi masa tun yana yaro idan ya shigo hannunsa a baya.

"Faizal, wannan abin in ya bushe dutse ne. Duk abin da za ka yi da shi, kada ya taɓa jikinka. Ka ji ni ko?"

"Na ji, na ji."

Yana fita ya miƙa hannu ya zari ƙaramar kwalbar gam ɗin farce ya jefa aljihu, ko da za a buƙata.

Ranar Alhamis da ya taso daga aiki ya kulle kansa a banɗaki. Ya shafe haƙoransa da basilin kamar yadda shafin ya ce, ya dama hoda da ruwanta a murfin kwalba har ta yi kauri, warinta ya cika gidan, mahaifiyarsa tana buga ƙofa tana tambaya ko wani abu ne yake ƙonewa. Ya ɗebo ɗan curi ya manna a fiƙarsa ta dama, ya ja shi ƙasa da yatsa har ya yi tsini, ya zare kafin ya gama sandarewa. Ya yi wa ta hagu haka. Sau huɗu yana ɓatawa yana sakewa. Sannan ya zauna a bakin baho yana goga yana hurawa, ya tsoma su cikin baƙin shayi don su rage haske su yi kalar sauran haƙoransa.

Gaskiya dai a faɗe ta, sun yi kyau. Da ya sa su ya yaƙe baki a madubi, shi kansa sai da gabansa ya faɗi. Ya yi minti ashirin yana yi wa madubi gurnani, ƙato da gemunsa.

Safiyar Juma'a ya shafa farar hoda a fuska, ya yafa tsohuwar baƙar abayar Wasilatu da ya tsaga gabanta, ya zauna karin kumallo. Kurɓar farko fiƙar dama ta faɗa cikin kofi. Ya tsamo ta da cokali ya mayar, ta hagu ta biyo. Rabin shafin da bai karanta ba shi ne wurin da aka ce a sayi man nan da tsofaffi suke liƙa haƙoran roba da shi, wanda ruwan ɗumi yake sakinsa. Faizal ba shi da shi, bas kuma ba za ta jira shi ba. Sai ya tuna da kwalbar da ke aljihunsa. Ya goge haƙoransa tas da tawul, ya ɗiga gam a cikin kowace fiƙa, ya danna. Da yake shi mutum ne mai inganta aiki, sai ya sake dama sabon haɗi ya cusa ta baya da tsakankanin haƙora, ya shafe da yatsa, ba basilin ba komai. Ya girgiza su, ko motsi. Ya ce wa madubi haka ake aiki.

A ofis an yi ta ɗaukarsa hoto. Ya bi teburi teburi yana buɗe abaya yana yaƙe baki, 'yan mata suna ihu na ƙarya don su faranta masa. Wajen ƙarfe ɗaya ya tuna yau Juma'a ce. Ya shiga banɗakin ofis ya dubi farar fuskarsa da jan fentin da ya zuba a haɓa, ya lissafa wahalar wankewa da sake shafawa kafin alƙalan gasa su zagayo ƙarfe biyu, ya ce ai Allah yana duban zuciya, ya koma teburinsa. Da aka zo raba kyauta, wani Tomas ne ya zo na ɗaya, mutumin da ya yafa farin zanen gado ya huda wa idanu ƙofa biyu. Faizal ya zo na biyu, aka ba shi kofin shayi mai hoton kabewa. Ya dawo gida yana cewa son kai aka yi.

Ƙarfe biyar da rabi ya wanke fuska, ya kama fiƙar dama da yatsu biyu ya ja. Kansa ne ya biyo hannun. Ya kuskure baki da ruwan zafi har harshensa ya yi fari. Ya sa bayan cokali. Ya ɗauko filaya daga akwatin kayan aiki, ya kama, ya ɗan murɗa, wani zafi ya tashi daga tushen haƙorin ya soke shi har cikin ido. A nan ne tsoro ya fara shigarsa da gaske. Ya naɗe bakinsa da mayafin sanyi ya ruga shagon Wasilatu kafin ta rufe.

Da ya kware mayafin, Wasilatu ta ƙura wa bakinsa ido. Ta nemi kujera ta zauna, ta dafe ciki, ta yi dariya har hawaye suka wanke mata kwalli.

"Yaya, please, ba lokacin dariya ba ne. Gobe ne fa."

"Na sani gobe ne. Kai ne ba ka sani ba." Ta share ido. "Ban ce maka kada ya taɓa jikinka ba? Sai ka kai shi baki?"

"Ki zuba mini acetone ɗin nan da kike cire farce da shi."

"A bakinka? So kake in kwana a police station?"

Ta ɗauko ƙaramin injin da take goge farce da shi, ta ce ya kwanta a kujera ya buɗe baki, za ta ci su a hankali har su koma daidai da sauran. Injin ya fara kuka, farar ƙura tana tashi. Bai yi minti biyu ba Faizal ya motsa don ya ga aikin a madubi ya gyara mata riƙo, bakin injin ya zame ya shafi dasashinsa. Jini ya fito, ɗan kaɗan, wanda bai kai na ƙaya ba. Mayen da ya yini yana tsorata mutane ya yi tsalle daga kujera yana salati.

"Wallahi ba za ki sake taɓa ni ba! Za ki kashe mini nerve!"

"To zaɓi ɗaya cikin biyu," in ji Wasilatu, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Ko ka kwanta ka yi mini shiru awa ɗaya in gama, ko ka kira Inaya yanzu ka gaya mata gaskiya, ta san yadda za ta yi da babanta."

Bai zaɓi ko ɗaya ba. Injin yana jin tsoronsa, Inaya kuma yana jin kunyarta, ga shi ba ya son a ce wata ce ta fitar da shi. Ya kira layin likitan haƙori. Matar da ta ɗauka ta tambaye shi ko yana jin ciwo, ko fuska ta kumbura, ko jini ya ƙi tsayawa. Ya ce a'a. Ta ce to ya zo Litinin ƙarfe goma.

A hanyar gida dabara ta zo masa, kuma ya yi murna da ita kamar shi ya ƙirƙiro al'adar. Ai mai neman aure ba ya magana a gaban surukai. Durƙusawa yake yi, ya gaishe su ƙasa ƙasa, ya koma gefe ya sunkuyar da kai har a tashi. Ita kanta Inaya abin da ta roƙe shi ke nan. Ya tsaya gaban madubi ya gwada. Idan ya turo leɓen ƙasa ya rufe na sama, fiƙoƙin suna ɓuya, sai dai fuskarsa ta yi tsawo ta yi nauyi kamar ta mai zaman makoki. Ya duba ta dama, ya duba ta hagu, ya ga ai wannan ma ita ce fuskar nutsuwar da Alhaji yake nema.

Asabar da hantsi Baffa Jibrilu ya iso da motarsa. Ƙanin mahaifin Faizal ne, direban bas shekara ashirin da biyu a kan Oxford Road, mutumin da bai mallaki komai ba sai mutuncinsa da babbar riga guda ɗaya mai aiki, wadda ya sa a ranar. A gaba kusa da shi akwai Malam Abdul-Majeed, limamin ƙaramin masallacinsu na Old Trafford, dattijo marar yawan magana. An zuba goro da alewa da dabino a bayan mota. Faizal ya fito cikin farar shadda, hankici a bakinsa.

"Lafiya?" in ji Baffa.

"Haƙori," ya ce ta cikin hankicin.

"Ayya, sannu. Ungo kanumfari, ka danne a wurin. Dama kai yau ba ka da ta cewa, mu ne bakinka."

Faizal ya karɓa, ya ji daɗi har cikin ransa, ya ga komai yana tafiya yadda ya tsara. Har suka hau babbar hanya suka wuce garin Stoke yana yaba wa kansa.

Gidan Alhaji Lawal yana unguwar Handsworth a Birmingham, gida mai jan bulo da ɗan lambu a gaba. Aka shigar da su falo, an janye kujeru an shimfiɗa darduma. Alhaji dogo ne siriri, da farin gemu da tabarau, yana duban mutum ta saman gilashin. Faizal ya zube a gabansa, kai a ƙasa, ya yi gaisuwar cikin wuyan rigarsa, ya ja jiki ya koma kusa da ƙofa ya naɗe ƙafa. Aka kawo ruwa da lemo da soyayyen nama, bai ko dube su ba.

Abin haushi, dabarar ta ci. Baffa ya gabatar da abin da ya kawo su cikin lafazi mai daɗi, ya ambaci iyaye da kakanni tun daga zangon Kumasi. Malam ya yi addu'a. Alhaji yana saurare, amma idonsa yana kan yaron da ke bakin ƙofa, wanda ya yi minti arba'in bai ɗaga kai ba, bai taɓa waya ba, bai ko gyara zama ba.

"Yaron naku yana da kunya," in ji Alhaji daga ƙarshe. "Ba haka aka ba ni labarinsa ba."

Baffa ya ji ƙofa ta buɗe, sai ya shige da ƙafa biyu.

"Ai Alhaji, mutane ba sa faɗin alheri. Yaron nan, daga aiki sai gida, daga gida sai masallaci. Juma'a kuwa sahun farko, tun kafin a buɗe ƙofa yana nan. Ga Malam nan, shi ne shaida."

Malam Abdul-Majeed ya yi ɗan tari, ya ɗauki kofin ruwa ya daɗe yana sha.

Alhaji ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Muryarsa ta yi laushi. Ya ce shi dama ba ƙin yaron yake yi ba, tsoro yake ji, domin 'ya ɗaya gare shi mace, amma tunda manya sun taso tun daga Manchester, kuma ya ga abin da ya gani da idonsa, to shi ba zai zama mai hana alheri ba. Zuciyar Faizal ta cika da murna har ya kusa yin murmushi, ya tuna, ya ƙara danne leɓe.

Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a kan katakon baranda, da wata murya tana cewa, "Ina yake? Ina mijin nawa da aka ɓoye mini?"

Faizal ya yi lissafin Alhaji, ya yi na Baffa, ya yi na Malam. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne Inaya tana da kaka. Hajiya Raki, mahaifiyar Alhaji, ta zo daga Zariya wata biyu da suka wuce aka yi mata aikin ido, yanzu kuwa tana ganin allura a ƙasan kujera. Kuma kowa ya san tsakanin kaka da mai neman jikarta babu kunya, wasa ne, ita kaɗai ce a gidan take da izinin ta yi masa abin da ta ga dama a gaban kowa. Alhaji da duk kwarjininsa sai ya matsa ya ba ta wuri, yana cewa, "Hajiya, a hankali."

Ta tsaya a kan Faizal, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin mayafi, ta zungure shi da sanda a gwiwa.

"Kai ne? Ɗago in gani. Ni zan fara dubawa, in ka yi mini in riƙe abina, waccan mai ƙafar sauron ta nemi wani."

Dattawa suka yi dariya. Faizal ya ɗago kai kaɗan, leɓe a danne.

"A'a, wannan fuska fa? Wa ya mutu? Ka zo neman aurena kana ɓata rai? Gaishe ni."

Ya yi gunaguni cikin maƙogwaro.

"Ban ji ba. Kurma aka kawo mini ko bebe?"

"Haƙori yake ciwo, Hajiya," in ji Baffa, yana dariya.

"Haƙori? Yaro ƙarami da ruɓaɓɓen baki? To ai sai in gani. Ni ko ragon layya ba na saye sai na buɗe bakinsa na duba."

Ta jingine sandar a bango. Faizal ya ga hannun yana tahowa, siraran yatsu masu jan lalle, kuma babu inda zai gudu. Ba a ture hannun kaka, ba a kuma tashi a bar ta tsaye. Ta kama haɓarsa da hannu ɗaya, ta sa babban yatsa ta ɗage leɓensa na sama.

Fiƙoƙin suka fito cikin hasken taga, dogaye, masu tsini, ta dama da ɗan gefenta a goge, dasashin samanta ya yi ja.

Hajiya Raki ba ta yi ihu ba. Ta saki leɓen, ta ja da baya taku biyu, ta goge yatsanta a mayafi, tana karanta duk addu'ar tsari da ta zo bakinta. Sannan ta juya wurin ɗanta ta ce, "Lawal, wannan mene ne kuka shigo mini da shi gida?"

Dariyar Baffa ta tsaya a fuskarsa ba ta sauka ba. Ya rarrafo ya leƙa bakin ɗan wansa da kansa, ya koma ya zauna daɓas.

Yanzu da babu abin ɓoyewa, Faizal ya buɗe baki ya shiga bayani, kuma kowace kalma sai fiƙoƙin sun leƙo.

"Alhaji, fake ne, wallahi ba na gaske ba ne. Costume ne na office, Halloween, charity ake tara wa. Ni na yi su da kaina, glue ɗin ne ya ba da matsala. Monday dentist zai cire, na riga na yi booking."

Ya ɗan tsaya, wataƙila yana jiran wani ya ce aikin ya yi kyau. Alhaji Lawal ya mayar da tabaransa. Bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata fuska ba.

"Yaushe ka sa su?"

"Jiya da safe, Alhaji."

"Jiya da safe. Ba su fita ba tun lokacin."

"Ba su fita ba."

"Jiya Juma'a," in ji Alhaji. "Da su ka shiga sahun farkon?"

Faizal ya ga ramin ta kowane gefe. In ya ce e, ya shiga ɗakin Allah da shigar maye. In ya ce a'a, ya bar Juma'a saboda wasan yara, ya kuma mayar da Baffansa maƙaryaci a gaban mutane. Ya saci kallon Malam Abdul-Majeed, mutumin da ya yi huɗubar jiya, wanda ya san fuskar duk wanda ya zo. Malam yana kallon zanen darduma.

"Ban samu zuwa ba," ya ce.

Alhaji ya gyaɗa kai sau biyu, a hankali. Bai sake duban Faizal ba. Ya juya wurin Baffa, ya yi masa magana da ladabi fiye da na farko, wanda ya fi zagi ciwo.

"Malam Jibrilu, kun sha hanya, mun gode da zumunci. Ku ci abinci kafin ku kama hanya, kada yamma ta yi muku."

Babu wanda ya ci. Da suke sa takalma a baranda, Faizal ya hango Inaya a saman matakala, cikin leshin da ta ɗinka don ranar, hannunta a kan ƙarfen bene. Ta ji komai. Ya buɗe baki zai kira sunanta, ya tuna abin da zai fito, ya rufe. Ta juya ta shige ɗaki.

Baffa Jibrilu ya tuƙo su har cikin Manchester. A ƙofar gida ya kashe mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, bai waiwayo ba.

"Shekara ashirin da biyu 'yan maye suna zagina a bas, ban taɓa jin na ƙasƙanta ba sai yau. Na yi maka ƙarya a gaban dattijo, da girmana. Sauka."

Litinin ƙarfe goma likitan haƙori ya kwantar da shi, ya tsaga abin da ɗan injinsa, ya ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Bai cika minti goma ba. Faizal ya fito bakin titi yana shafa haƙoransa da harshe, ya ji ƙarfin gwiwarsa yana dawowa, har ya fara tsara yadda zai ba da labarin nan gaba a yi dariya. Ya kira Inaya. Sai a kira na uku ta ɗauka.

"An cire su," ya ce. "Ten minutes kawai. Ki gaya wa Alhaji komai ya wuce, in ya ba mu wata rana, this time..."

"Baba ya ce a gaya wa Baffanka kada ya sake wahalar da motarsa."

"Haba, Inaya. Ke ce fa kike iya masa. Shekara biyu kina juya shi, ki ƙara yi masa magana mana. Me kika ce da ya faɗi haka?"



"Ban ce komai ba, Faizal," in ji ta. "Wannan karon na ga gaskiyarsa."